Jirgin Alpha Jet Da Darasin Da Ke Cikinsa

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da sake haɗuwa a nan Sabon Garin Gusau. An nemi in ɗan yi bayani a kan aikin da na yi ritaya a kansa, wato gyaran jiragen sama na soja. Na zaɓi jirgi ɗaya, wanda mutanen Tsafe da Bunguɗu suka sha jin rugugin wucewarsa, shi ne Alpha Jet.

Asalin wannan jirgi haɗin gwiwa ne tsakanin kamfanin Dassault-Breguet na Faransa da Dornier na Jamus. Faransawa suna son jirgin koyar da matuƙa, su kuwa Jamusawa suna son ƙaramin jirgin kai hari a ƙasa. Sai aka ƙera guda ɗaya mai yin duka biyun. Ya fara tashi ranar 26 ga Oktoba, 1973, a Istres ta ƙasar Faransa. Kujerunsa biyu, ta gaba ta ɗalibi, ta baya ta malami. Injinansa ma biyu ne, ana kiran su Larzac. Gudunsa yakan kai kimanin kilomita 1,000 a awa ɗaya, wato daga Gusau zuwa Tsafe ba zai ci minti biyar ba.

Nijeriya ta samu guda 24 a shekarun 1980, aka yi musu mazauni a Kainji. Daga 1984 kuma aka kawo mana Jaguar guda 18, shi ma da hannun Faransa a ciki, tare da Ingila. Jaguar ya fi Alpha Jet gudu, ya fi shi ɗaukar makamai, ya kuma fi shi tsada. Amma kafin a cika shekara goma an ajiye su duka, saboda kuɗin kula da su ya gagara.

To, da yaƙin Laberiya ya taso a 1990, ƙaramin nan da ake yi wa kallon jirgin 'yan koyo shi ya tafi tare da rundunar ECOMOG. Ya taimaka wajen kare Monrobiya lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka far mata a watan Oktoba na 1992. Ya yi aiki a Saliyo. A 2013 an kai shi Yamai domin yaƙin Mali, ya kuma yi ta fafatawa da Boko Haram a Arewa maso Gabas. Daga baya sai ga shi a sararin samaniyarmu. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo ɗaya a Jihar Zamfara. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya dira da lema, ya ɓoye wa masu farautarsa, ya yi tafiyar dare har ya isa wurin sojoji. Bayan ikon Allah, horon da ya samu ne ya fisshe shi.

Jama'a, me ya raya wannan jirgi tsawon waɗannan shekaru? Masu kula ne. Kafin ya tashi sau ɗaya, sai makanikai sun bi shi kusa-kusa, sun duba mai da taya da waya, sun sa hannu a littafi. Wanda ya yi ha'inci a nan, ran wani ya ɗauka.

Jiya na leƙa ɗakin kimiyyar da Malam ya fara nuna mana yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe. Rufin yana yoyo, kabad ɗin babu komai. Daga ɗakin nan na fita har na taɓa injin jirgi da hannuna. Yaran da ke ciki yanzu, wasu iyayensu sun baro gonakinsu saboda rashin tsaro, makarantar nan ce kaɗai abin da ya rage musu. Jirgi yana iya tarwatsa maɓoyar ɓarayi, amma ba zai hana yaro marar ilmi shiga daji ba.

Don haka ina ba da shawara, bana mu bar maganar sabuwar ƙofa mai ado. Kowane aji ya ɗauki abu ɗaya a ɗakin kimiyya, ya gyara shi, ya naɗa mutum ɗaya mai zuwa dubawa kowane zango. Ni da 'yan ajinmu mun ɗauki rufin, kuma in Allah ya yarda za a gama kafin damina.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba jiharmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.