Jawabi Game Da Sabon Allon Kama Hasken Rana



Kun san allon nan na silikon da a ke kafawa bisa rufin asibiti ko kan rijiya, ya mai da hasken rana lantarki. To, masana sun lissafa, kome hikimar da aka yi masa, silikon shi kaɗai ba ya iya kama abin da ya wuce kashi 29 da ɗan ɗori cikin 100 na hasken da ya sauka kansa. Dalili ke nan aka shiga neman wani abu dabam.

Abin nan sunansa ferofskait. Asalin sunan na wani dutse ne da aka samu a duwatsun Ural na ƙasar Rasha cikin 1839, amma wanda a ke aiki da shi haɗa shi a ke yi, da dalma a ciki, a shafa shi siriri bisa gilashi kamar fenti. Cikin 2009 wani malami na Japan, Tsutomu Miyasaka, ya gwada shi, ya sami kashi 3.8 kurum, ruwan da ke cikin na'urar kuwa ya narkar da shi nan da nan. Cikin 2012 masana a Koriya ta Kudu da jami'ar Okosfod ta Ingila suka kau da ruwan, suka sa abu busasshe a madadinsa, sai ya kai wajen kashi 10. Daga nan aka yi ta toshe 'yan tsaguna na tsakanin ƙwayoyinsa, inda lantarki ke zurarewa, har ya wuce kashi 26.

Dabarar da ta fi ƙayatar da ni ita ce ta ɗora shi bisa silikon, hawa biyu. Na sama ya kama shuɗin haske, jan ya ratsa, na ƙasa ya tare. Ta haka kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya sami kashi 33.9 cikin 2023.

Amma fa waɗannan lissafi ne na ɗakin gwaji. Wanda Oxford PV ta fara sayarwa cikin 2024 kashi 24.5 ya ke ba da. Kuma ferofskait ba ya shiri da laima da zafi, alhali allon silikon a kan lamunce shi shekara 25. Saboda haka in ɗan kwangila ya kawo muku shi, ku tambaye shi shekara nawa aka lamunce, da irin zafin da aka gwada shi ciki, gama ranar bazara ta Sakkwato ba ta Okosfod ba ce.