AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yadda Ƙananan Ƙungiyoyi Uku Suka Zama Kano Pillars

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko daga Aliero ta fito, wani Alhaji mai fataucin albasa ne ya rubuto. Ya ce samarin garinsu sun zo masa da takardar neman gudummawa, wai suna so su haɗa kai da samarin Jega da na Maiyama su kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ɗaya mai ƙarfi, maimakon 'yan ƙungiyoyin unguwa da kowace ke harkar gabanta. Shi ne yake tambaya, shin an taɓa yin irin wannan a wani wuri aka ga amfaninsa, ko kuwa kuɗinsa zai zuba a rijiya? Ta biyu daga Jega, wani matashi ne mai gyaran babur wanda ke tsaron gida a ƙungiyar unguwarsu. Ya ce magana ta cije a wajen suna, kowane gari yana so a sa nasa. Ta uku kuwa daga Maiyama, wani dattijo ne manomi. Ya ce ɗansa na cikin waɗanda aka zaɓa, shi kuma tsoronsa kada tamaula ta raba yaron da gona da makaranta.

To, Alhaji na Aliero, an taɓa yi, kuma ba a ƙasar Turawa ba, a nan Kano. Amma bari mu ɗauko zancen daga baya kaɗan.

Dattijai za su tuna da Raccah Rovers ta Kano. A 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, a 1978 ta zama zakaran gasar lig ta Nijeriya baki ɗaya, a 1979 kuma ta wakilci ƙasar nan a gasar zakarun Afirka. Har ma a watan Afrilu na 1978, shahararren ɗan wasan nan na Barazil, Pele, ya sa rigar ƙungiyar Fluminense ya buga da Raccah Rovers a Kaduna. Kun ji irin matsayin da ta taka. Amma yau ina take? Ta dushe, sai labari a bakin tsofaffi. Bayan dushewarta Kano ta kasance da 'yan wasa birjik, amma a warwatse cikin ƙananan ƙungiyoyi.

A 1990 ne aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, wato gasar da ɗan wasa zai riƙe ƙwallo a matsayin sana'a, ana biyansa albashi. A shekarar ne masu kula da wasanni a Kano, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Galadima wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, suka haɗe ƙungiyoyi uku suka zama ɗaya. Akwai WRECA, ta ma'aikatan hukumar ruwa ta jiha, akwai Golden Stars, akwai kuma ta Bankin Arewa. Daga nan aka sami Kano Pillars.

Ɗan'uwa na Jega, ka lura da wannan wuri da kyau. Ba a ce WRECA ba, ba a ce Golden Stars ba, ba a ce Banki ba. Kowa ya haƙura da sunansa aka ɗauki sabo. Da a ce ɗaya daga cikinsu ta kafe sai nata, da wataƙila yau ba mu wannan hira.

Kada kuma ku ɗauka daga haɗewa sai kofi. A 1991 Pillars ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta da ci 3 da 2. Sai da aka shekara 18 cur da kafa ta, wato a 2008, sannan ta ci gasar lig karon farko, a ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kafa ƙungiyar, har ya isa jefa ƙuri'a kafin ta ɗaga wannan kofi.

Daga nan ne ƙofa ta buɗe. A 2009 Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, ƙungiyar da ta fi kowace cin kofin zakarun Afirka. Aka tashi kunnen doki 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, kuma bisa dokar ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa, Pillars ta fitar da su. Ta yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A kakar 2009 zuwa 2010 wani yaro daga Jos mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce ƙasar Holan, daga baya ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Sai kuma ta ci lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke ta a gida a wasan lig, abin da ya ƙara tabbatar da kirarin nan na Sai Masu Gida.

Amma tarihi ba zaƙi kaɗai ba ne. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2018 a Asaba, Pillars ta sha gaban Rangers ta Inugu da ci 3 da nema, magoya baya har sun fara murna, sai Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauki kofin a bugun fenareti. A shekarar da ta biyo baya ne Pillars ta share hawayenta a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes ta Minna, shi ma a bugun fenareti. Mafi zafi kuwa shi ne na 2022. A watan Afrilu, a wasa da Katsina United a Kano, wasu magoya baya suka ta da yamutsi har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tara ta kuma zabtare mata maki uku. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Abin da aka yi shekara talatin ana ginawa, 'yan kallo suka taimaka wajen rushe shi da yammaci ɗaya.

Yanzu bari mu dawo gida. Alhaji, akwai bambanci ɗaya babba da bai kamata in ɓoye maka ba. Pillars gwamnatin Jihar Kano ce ke ɗauke da nauyinta. Taku kuwa ba ta da wannan gatan, aljihunku ne gwamnatinta. Saboda haka shawarata, kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai, ko da kana da hali. Ka fi ni sanin kasuwar albasa: bana a ci riba, baɗi ta ruɓe a rumfa kafin mota ta zo. Ranar da ta juya maka baya, ranar ƙungiyar za ta mutu. Gara mutum ɗari su riƙa ba da kaɗan-kaɗan kowane wata, da 'yan albasa da 'yan tattasai da masu shinkafa da direbobin tasha, a kan mutum ɗaya ya ba da mai yawa sau ɗaya. Kafin ka ba da ko kwabo, ka nemi a nuna maka abu uku: ma'aji wanda ba ɗan wasa ba, littafin shiga da fitar kuɗi da za a riƙa karantawa a gaban jama'a, da kuma takardar rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Birnin Kebbi. Ba tare da rajistar ba, wasan sada zumunta kawai za su yi ta yi. Da ita ce za su shiga kofin jiha, su kuma fara taka tsanin gasa daga ƙasa, don akwai ta masu tasowa, sannan rukuni na biyu, sannan babbar gasa.

Kai kuma ɗan'uwa mai tsaron gida, ku nemi sunan da ba na kowane gari ba. Allah ya sa Jega ce a tsakiya, Aliero ta hanyar Sakkwato, Maiyama ta hanyar Yawuri, don haka atisaye a Jega zai fi wa kowa sauƙi. Amma wasannin gida a riƙa zagayawa da su, yau nan gobe can, don kada wani gari ya ga kamar an mai da shi ɗan rakiya. Shugaba daga wannan gari, sakatare daga wancan, ma'aji daga na uku. Kuma tun ranar farko ku ja kunnen magoya bayanku a kan jifa da taɓa alƙalin wasa.

Baba na Maiyama, tsoronka yana kan hanya. A cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen makarantunmu, ƙalilan ne ƙwarai take zame wa abin ci. Kada ka hana shi, amma ka gindaya sharaɗi, kuma ka faɗa wa shugabannin ƙungiyar baki da baki: atisaye bayan La'asar, ba lokacin makaranta ba, sannan a tsara manyan wasanni bayan an kai amfanin gona gida, ba a tsakiyar noman farko ba. Ƙungiyar da ta ƙi wannan sharaɗi, ka janye ɗanka, ba ka yi laifi ba.

In kun kafa ta, ku rubuto mana sunan da kuka zaɓa mu sanar a wannan fili. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.