Yaƙin Haɗejia na 1906: Su Wa Suka Riƙe Bindigogin?



Mun zaɓi mu soma wannan lacca daga ƙasar Indiya, kafin mu gangaro gida. A ranar 10 ga Fabrairu, 1846, rundunar Turawan Ingila ta gwabza da mayaƙan Sikawa, mutanen ƙasar Panjab, a Sobrawon, bakin Kogin Satlaj. Sikawa sun yi ganuwa, kogi na bayansu. Da yaƙi ya juya musu, gadar jiragen da za su ƙetare ta karye, ruwa ya ci dubbai. A 1849 Ingila ta haɗiye Panjab baki ɗaya. To, abin lura shi ne yawancin sojojin da suka yi wa Ingila wannan aiki Indiyawa ne. Shekara takwas bayan haka, da sojan Indiya suka yi bore a 1857, Sikawan nan na cikin waɗanda aka ɗauka don murƙushe su.

Wannan dabara ce ta iso bakin Kogin Haɗejia. Gwamna Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can kuma ya yi aikin soja.

Bayan faɗuwar Kano a 1903, Sarkin Haɗejia Muhammadu ya karɓi Turawa da baki, amma zuciyarsa da ta manyan bayinsa ba su miƙa wuya ba. Gari ne mai ganuwa da dawaki, wanda tun zamanin Sarki Buhari bai saba rusuna wa kowa ba, har Sakkwato. Da mutanen Satiru suka kashe Turawa a Fabrairun 1906, tsoro ya kama Lugga cewa wutar za ta bazu. Yana gamawa da Satiru sai ya juyo gabas. Aka aika wa Sarki sharuɗɗa, ya ƙi, har aka ce ya mari ɗan aiken.

Ranar 25 ga Afrilu, 1906, Kanar Lowry Cole ya shigo da igwa da bindiga mai ruwa. Mahaya suka yi ta sukuwa a kansu da takubba da masu, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi lungu-lungu har ƙofar fada. Nan Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da sarakunan yaƙinsa. Shi ya sa har yau ake kiransa Muhammadu Mai Shahada.

Mun taso muna jin ana cewa Nasara ne ya ci Haɗejia. Amma Turawan da ke rundunar tsiraru ne, hafsoshi da masu ba da umarni. Waɗanda suka ɗana kunama baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana, albashi ya kawo su. Ba mu faɗi haka don mu la'anci matattu ba. Wasunsu bayi ne da suka tsere, ba su ga dalilin mutuwa don sarakuna ba. Sai dai mu da ke shirin kama aikin gwamnati, ko muka riga muka kama, wannan ɓangaren labarin ya fi kusa da mu fiye da sukuwar mahaya, domin mu ma takarda za a miƙo mana daga sama a ce mu zartar.

Da ƙura ta lafa, Turawa suka naɗa Haruna sarauta. Bayan 'yan watanni Lugga ya ajiye aiki ya bar ƙasar.