Wa Zai Riƙe Gonar Maraya?

Jama'a, maza da mata, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, da 'yan kasuwa waɗanda suka bar rumfunansu suka zo. Maganarmu ta yau a kan dukiyar wanda ba ya iya tsare ta da kansa ce, watau maraya, da mai taɓin hankali, da tsohon da ya ruɗe, da mutumin da aka sace.

Ba sai mun gaya muku yawan marayu a ƙasar nan ba. A cikin 2019 gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, mutumin Maradun, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, M. D. Abubakar, domin ya bincika ta'adin 'yan bindiga. Kwamitin ya ƙidaya mata 4,983 da aka kashe wa maza, da yara 25,050 da suka zama marayu a Zamfara daga 2011 zuwa 2019. Lissafi ya tsaya nan, kashe-kashe kuwa ba su tsaya ba. Da yawa daga cikin yaran nan iyayensu sun bar ɗan abu, ko gona, ko rumfa, ko shanun huɗa, ko da jaki ne. To, a hannun wa abin ya ke yanzu?

Duk mun san yadda a kan yi. Kafin a yi sadakar bakwai ƙanen mamaci ya ce, "Ni ne ubansu yanzu." Ya karɓi gona, ya karɓi makullin rumbu. Mace ta gama takaba, wata 4 da kwana 10, ta koma gidansu. Ba wanda ya rubuta kome. Bayan shekara goma yaro ya kawo ƙarfi ya tambayi gonar ubansa, sai a ce masa, "Ai ita aka sayar aka ciyar da ku." In ya ja, a ce ba shi da kunya, zai kai baffansa ƙara.

Ba mu ce kowane baffa azzalumi ba ne. Akwai waɗanda suka riƙe 'ya'yan 'yan'uwansu fiye da nasu, Allah ya saka musu. Amma ku ji abin da shari'a ta ce, bisa mazhabar Malikiyya wadda alƙalanmu ke bi. Mai ikon dukiyar yaro uba ne. In ya rasu, sai wanda ya yi wa wasiyya, shi a ke kira wasiyyi. In bai bar wasiyyi ba, sai alƙali, shi kuwa ya naɗa wani amintacce. Ƙanen uba ko wan uba ba ya samun ikon nan don zumunta kaɗai, sai an naɗa shi. Mace ma tana iya zama wasiyyiya, sabo da haka mutum yana da damar ya ce matarsa ce za ta riƙe dukiyar 'ya'yanta. Reno kuma dabam ya ke da riƙon dukiya. Reno na uwa ne, in ta yi aure waje ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa.

Wanda aka ba riƙo, amana aka ba shi. Zai ciyar da maraya ya tufasar da shi daga dukiyar gwargwado, ya juya ta don kada ta ƙare, ya fitar mata da zakka in ta kai. Ba ya sayar da gona ko gida sai da dalili mai ƙarfi, kuma ba a son ya saya wa kansa. Balaga kaɗai ba ta isa a miƙa wa yaro kayansa ba, sai an jarraba shi da ɗan ciniki an ga ya san riba da faɗuwa, sa'an nan a ba shi a gaban shaidu. Malamai suna nan, su duba farkon Suratun Nisa'i su gaya muku in mun ƙara.

Haka kuma babban mutum wanda hankalinsa ya gushe. Gonarsa tasa ce, matarsa da 'ya'yansa suna da ci da sha a cikinta. Ba a rabon gadon mai rai. Alƙali ne zai tabbatar da ciwon, ya naɗa mai riƙo, in Allah ya ba da lafiya a mayar masa da abinsa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ɗauke su majinyata masu hakki. Wanda 'yan bindiga suka tafi da shi, shi ma ba a raba kayansa sai mutuwarsa ta tabbata ko alƙali ya yi hukunci.

Kada wani ya tsorata ku da cewa wannan maganar cikin gida ce. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 277, ya ambaci riƙon yaro, da na almubazzari, da na mai taɓin hankali, a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke ji. In alƙalin garinku ya yi muku ba daidai ba, akwai afil har Gusau. 'Yan'uwanmu waɗanda ba Musulmi ba, tasu hanyar Babbar Kotun Jiha ce.

Mu a nan mun san zafin rabuwa da gona. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aka yi ta ja-in-ja a kan diyya, har a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Waɗannan magidanta ne masu baki da ƙarfi. In masu gemu sun sha wannan wuya a kan hakkinsu, ina ga yaro ɗan shekara shida?

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. Na farko, kowane magidanci ya zaɓi wasiyyinsa tun yana da rai, ya faɗa gaban shaidu biyu adilai, a rubuta da boko ko da ajami, a ajiye kofe wurin liman. Wasiyya ba ta kawo mutuwa. Na biyu, ranar rabon gado a rubuta rabon kowane maraya da sunansa, gona da iyakokinta, dabba da kamanninta. Na uku, mai riƙo ya sayi ɗan littafi, abin da ya shiga da abin da ya fita ya rubuta. Littafin nan shi zai wanke shi ranar da aka zarge shi.

Na huɗu naku ne, 'yan kasuwa da dillalai. Gonar maraya ba ta sayuwa sai da mai saye. In an kawo muku gona ko sa ranar Talata da araha, kun kuwa san mai shi ya rasu ko ba shi da lafiya, ku tambayi takardar alƙali. In babu, ku janye hannu. Araha ba ta ado, cinikin kuma ana iya rushe shi ko bayan shekaru, kuɗinku su maƙale.

Jama'a, hanyar da mu ke bi zuwa kasuwa ba wanda ya san ko zai komo ta kanta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya koma gida yau ya kira shaidunsa kafin ya kwanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.