Jawabin Buɗe Baje Kolin Hotunan Masu Ɗaukar Hoto Don Sha'awa



An kira wannan taro ne domin buɗe baje kolin hotuna, wato shimfiɗa su a bainar jama'a yadda kowa zai gani ya yi nazari, kuma waɗanda suka ɗauke su ba da hoto suke cin abinci ba, domin a cikinsu akwai ɗalibai da malaman makaranta da 'yan kasuwa da direbobi, waɗanda sha'awa ce kawai ta sa su ɗaga waya ko kyamara. An kasa hotunan gida huɗu: namun daji da tsuntsaye, ababen hawa, shimfiɗar ƙasa, da harkokin yau da kullum.

Tun da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a shekarar 1839, aikin ya daɗe a hannun ƙwararru masu tsadar kayan aiki, har zuwa 1888 lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda ta bai wa wanda bai koyi sana'ar ba damar ɗaukar hoto da kansa. A ƙasar Hausa kuwa, shekaru da yawa hoto abu ne na ranar salla da biki da fasfo, ana cin ado a je shagon mai hoto a tsaya gaban labule, sai bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 da yaɗuwar wayoyi masu kyamara ne hoto ya fita daga shago ya shiga kasuwa da gona da tasha.

Muhimmancin wannan sauyi shi ne, abin da ido ya saba da shi shi ne ya fi saurin ɓacewa ba tare da shaida ba, domin ba wanda ke ganin ya cancanci a adana shi. Dalar gyaɗa ta Kano ta isa misali, domin a zamanin da ake jera dubban buhuna a yi tsauni da su kusa da layin dogon da ya iso birnin a 1911, mutanen gari sun saba da ganinta, amma yau da babu ko ɗaya, 'yan hotunan da suka rage ne ke nuna wa yaro leburori suna hawa da buhu a ka, suna taka buhunan da ke ƙasa har su kai ƙololuwa. Haka abin yake ga ababen hawa: kafin a hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, babur ya cika kowace mahaɗa, sannan a daidaita sahu ta gaje titi, kuma wanda ya ɗauki hoton cunkoson 'yan acaɓa a wancan lokaci ya riƙe wani babi na tarihin birnin ba tare da ya sani ba. A hamadar Tenere ta Nijar ma, bishiyar nan guda ɗaya tilo da ayarin raƙuma ke gane hanya da ita, wadda mota ta buge a 1973 aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, a hoto kaɗai ake iya ganinta a tsaye. Kududdufan da ake cikewa a yi gini da sassan badalar da ke zaizayewa kowace damina suna kan wannan hanya.

A fannin namun daji, hoto ya wuce abin tunawa ya zama kayan aikin bincike. Raƙuman dawa na yankin Kure, kudu maso gabashin Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, kuma adadinsu ya faɗi zuwa 49 a 1996 kafin kulawa ta sa su haura 600. Hanyar ƙidaya su ta dogara ne a kan hoto, domin dabbare-dabbaren fatar kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa kuma fasalinsa ba ya sauyawa har tsufa, saboda haka akan ɗauki ɓarin dama da na hagu na kowace dabba, a kwatanta da kundin da ake da shi, a gane wadda aka sani da wadda aka haifa da wadda ta ɓace. Akwai kuma abin da ake kira kimiyyar jama'a, wato bincike da mutanen gari ke tattara wa masana bayanai, kamar yadda masu sa kai ke yi wa shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ke jagoranta. Wanda ya ɗauki tsuntsun da ya yi ƙaura daga Turai ya sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru da hunturu, ko garken giwaye a Yankari, yana iya riƙe da bayanin da masani ke nema.

Sai dai hoto ba ya zama shaida sai an cika masa sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne a haɗa shi da suna da wuri da rana. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, kowa na iya laƙaba masa labarin da ya ga dama, shi ya sa ake yawan ganin tsohon hoton wata ƙasa yana yawo a matsayin abin da ya faru jiya a maƙwabta. Kyamara takan rubuta ɓoyayyen bayani a jikin hoto, wanda ya ƙunshi ranar ɗauka da irin na'urar, wani lokaci har da wurin, amma manhajoji irin su WhatsApp sukan matse hoton su goge bayanin idan an tura shi ta hanyar da aka saba, don haka wajibi ne mai hoto ya ajiye na asali, ya kuma rubuta bayanin da hannunsa duk inda ya sa shi.

Sharaɗi na biyu amana ce. Mai tallar fura da almajiri da dattijon da ke rini a karofin Ƙofar Mata mutane ne masu mutunci, ba kayan kallo ba, saboda haka neman izininsu kafin ɗauka, da kuma kafin yaɗawa, haƙƙi ne a kan mai kyamara, kuma abin da ke bayan zaure na masu gida ne sai sun yarda. Dabba ma tana da nata haƙƙin, domin ba a korar tsuntsu daga sheƙarsa saboda a samu hoto mai kyau, ba a kuma bayyana takamaiman inda giwa take kiwo, gudun kada bayanin ya faɗa hannun masu farautar haure. Wanda kuma ya ga hoton wani ya burge shi har ya tura gaba, adalci shi ne ya ambaci sunan mai shi.

Saboda haka ana kira ga gidajen adana tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, da jami'o'i da majalisun masarautu, da su buɗe ƙofa ga hotunan mutanen gari, su karɓe su tare da bayanansu, su tsara su yadda ɗalibi zai same su, domin waya takan lalace ko a sace ta, shafin intanet kuma yakan rufe. Ana kuma kira ga masu hannu da shuni da su tallafa wa waɗannan masu ɗaukar hoto da horo da kuɗin buga kundi.

 Da wannan, an buɗe baje kolin a hukumance, ana kuma gayyatar shugaban taro da iyayen ƙasa su fara zagayawa. Allah Ya sa albarka a wannan aiki, Ya ja zamanin sarakuna, Ya mai da kowa gidansa lafiya.