Jawabin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Hausawan Gadarif

 

Littafin nan ya fara da bayanin ƙasa kafin ya shiga labarin mutane, kuma marubutansa sun yi daidai. Wanda bai san baƙar lakar da ke shimfiɗe tsakanin kogin Rahad da Atbara ba, wadda ke dardarewa da rani ta riƙe ruwa da damina, ba zai gane abin da ya sa mai niyyar Makka ya sauke kayansa a nan ba. Hanyar ta taso daga Kano da Borno, ta ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, ta nufi Sawakin. Guzuri kan ƙare a tsakani, sai manomi ya tarar da ƙasar da ke ba da dawa da riɗi ba tare da ban ruwa ba, ya ce bari ya yi damina ɗaya. Tun kafin zamanin Mahadi akwai Takari a Gallabat, bakin iyakar Habasha. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har gaɓar Shuɗin Nilu. Da jirgin ƙasa ya iso, aka kuma fara noman inji a Gadambaliya cikin shekarun 1940, hannun iyayenmu ne ya yi yankan riɗin da inji ba ya iyawa.

Akwai masu cewa tonon wannan tarihi tuna wa mutane ne cewa mu baƙi ne, gara a yi shiru. Na fahimci tsoronsu, amma hujja ba ta tare da su. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗi a kan zaman kakanni tun 1897, wanda bai iya nuna shaida ba shi ya sha wahala. Shirun bai hana jinin da aka zubar a Jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 ba. Kuma babu al'ummar da zuwa daga wani wuri ya rage mata daraja: tsohon kundin tarihin Rashawa da kansa ya ce gidan sarautarsu na farko daga ƙetaren teku ya zo a 862, suna karantar da 'ya'yansu haka ba kunya.

Wasu kuma sun ce yanzu lokacin yaƙi ne, garin cike yake da 'yan gudun hijira, abinci ya fi littafi. A ciyar da su, wajibi ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ne ya nuna mana cewa ko gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum bai tsira daga wawaso ba, balle takardun ajami da ke cikin akwatin tsoho a ƙauye. Dattawan da suka ji labarin tafiyar daga bakin waɗanda suka tako da ƙafa suna ƙarewa, kuma naɗar muryarsu kuɗi take so: abin naɗa, kuɗin mota zuwa ƙauyuka, ladan ɗaliban da za su rubuta. A nan zan yi magana da ku kai tsaye, alhazai na kasuwar amfanin gona da ke sahun gaba. Wallahi ba daidai ba ne a ce malamai ne suka haɗa kuɗin ɗab'i daga albashinsu, alhali ribar motar riɗi guda za ta ɗauki aikin shekara. Kada kowa ya tashi sai ya faɗa wa kwamitin littafin abin da ya ɗauka.

Da izinin Allah na ƙaddamar da wannan littafi. Sakatare, kawo takardar alkawari, a fara daga sahun gaba.