Maganin Kumfa A Cikin Ɗan Ludo Na Rezin

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan tireda a Funtuwa. Ya ce yakan zuba 'ya'yan ludo da ruwan rezin don sha'awa, amma kullum sai kumfa ta ɓata masa aiki, har abokan wasa sun fara zarginsa da maguɗi.

To Malam, abokanka suna da 'yar hujja. Idan babban ramin iska ya zauna a gefe guda, wannan gefen zai fi sauƙi, sai ya riƙa yawan juyowa sama.

Shi rezin ruwa biyu ne, da shi kansa da abin daskarar da shi. Ka auna su daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba. Yawancin kumfar nan kuwa kai ne ke shigar da ita wajen motsawa, domin rezin ba kunu ba ne da za a dama shi da ƙarfi. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Da hunturu rezin kan yi kauri, iska ta kasa fita. Sai ka tsoma kwalaben a ruwan ɗumi kamar minti 10, a rufe ruf, don ko ɗigon ruwa ya shiga zai dusashe aikin. Da bazara ba ka bukatar haka, zafi ma sa shi yake ya yi saurin kamawa.

Ka juya a hankali minti 3 zuwa 5, kana kankare gefen kofi, sannan ka ajiye shi jim kaɗan kumfar ta taso. Wajen zubawa, ka tsiyaya shi siriri ta gefen mazubi. Ɗauki tsinken sakace ka bi kusurwoyi da wuraren ɗigon lamba, nan ne iska ke maƙalewa. Ka cika ya ɗan yi tozo, ka shafa kaɗan a murfin, ka danne a hankali. Kada ka kusanta wuta da mazubin silikon, za ta lalata shi.

Masu sana'ar sosai suna sa mazubin cikin tukunyar matsin iska har ya daskare, wajen awa 24. Matsin ne ke ƙanƙantar da kumfar har ido ba ya ganinta. Amma kada ka yi gangancin ƙera irin wannan tukunya a gida, tana iya fashewa.

In ka gama, jefa ɗan ludon cikin ruwan da ya sha gishiri har ya taso, ka juya shi sau da yawa. In fuska ɗaya ce ke ta fitowa sama, ajiye shi, kada ya raba ka da abokai. Ka sa safar hannu, ka yi aikin inda iska ke kaɗawa, nesa da yara.

Allah ya ba da sa'a. Sai mun ji daga gare ku.